Me ya sa ƙurajen kaji ke dawowa duk shekara?

Tambaya: Ina da kaji a bayan gida, ba su kai talatin ba, har da masu kwanci da 'yan tsaki. Shekara uku ke nan a jere, da zarar sauro ya yi yawa sai ƙuraje su feso musu a zanko da gefen ido, su bushe su yi baƙin ɓawo. Manyan suna warkewa, ƙananan kuwa wasu idonsu ya rufe su mutu. Na zuba magani a ruwan shansu, na ɓamɓare ƙurajen na shafa magani, na wanke akurki, amma bana ma ta dawo. Cutar ce ba ta fita daga jikinsu, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar miki da alherin waɗanda kika rasa.

Kafin mu je ga magani, ki ɗan tsaya ki tuna abu ɗaya. Kajin da suka yi ƙurajen nan bara suka warke, su ne suka sake yi bana? Idan kika bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan tabbas za ki tarar ba su ba ne. Tsofaffin suna nan garau suna kiwonsu. Waɗanda suka kamu bana 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan wucewar ta bara ne, ko sagarun da suka taso, ko wata baƙuwar kaza da aka shigo da ita. Kazar da ta yi wannan cuta ta warke takan samu garkuwa mai ƙarfi, da wuya ta sake yi. Ke nan cutar tana fita daga jikinsu. Abin da bai bar gidanki ba shi ne ƙwayar cutar, kuma duk shekara tana tarar da sababbin kajin da jikinsu bai santa ba. Halinta irin na gobarar daji ne, ba ta komawa inda ta riga ta cinye sai sabuwar ciyawa ta fito. Gidan da ko yaushe akwai kaza a kan ƙwai kuwa bai rabuwa da sabuwar ciyawa. Shi ya sa manyan gonaki, masu shigo da kaji rukuni guda su fitar da su rukuni guda, suka fi mai kaji ashirin a bayan ɗaki samun sauƙin shawo kanta.

Ƙwayar da ke kawo ta bairos ce, 'yar dangi ɗaya da wadda ke kawo agana, sai dai nata reshen na tsuntsaye ne kawai. Ba ta kama mutum, ba ta da alaƙa da ƙarambau ɗin yara, kuma ba ta bi ta cikin ƙwai ta shiga ɗan tsako. Ba ta iya huda lafiyayyar fata da kanta, sai ta samu ƙofa: cizon sauro, ko rauni daga faɗan zakaru, ko ƙarzuwar waya, ko tsattsagar da kaji ke yi wa juna. Bayan ta shiga takan ɗauki kwana 4 zuwa 10 kafin a ga komai. Daga nan sai wasu 'yan fararen ƙuraje ƙanana su ɗago a wuraren da ba gashi, wato zanko, da jar fatar nan mai reto a ƙarƙashin baki, da fatar ido, da kusurwar baki, wani lokaci har ƙafa. Cikin 'yan kwanaki su koma ruwan ɗorawa, su ƙara girma, na kusa da juna su haɗe, sannan su bushe su zama ɓawo mai kaushi, ruwan ƙasa zuwa baƙi. Idan aka ƙyale shi, ɓawon zai faɗi da kansa bayan mako 2 zuwa 4, ya bar ɗan tabo mai santsi.

Wannan ɓawon da ya faɗi shi ne rumbun cutar a gidanki. Cike yake da ƙwayar, kuma bairos ɗin nan yana da juriyar bushewa ƙwarai, yana iya yin watanni da ransa a cikin busasshen ɓawo, a lungun akurki, a tsagar katako, a cikin ƙura. Kaji su tattake shi ya zama gari, iska ta ɗaga, ya faɗa idon wata ko ta shaƙe shi. To ki duba abin da ɓamɓarewa ke jawowa. Kin buɗe ɗanyen rauni a jikin kazar, wanda ƙuda da wasu ƙwayoyin cuta za su samu, kin kwashi ƙwayar a yatsunki za ki kama kaza ta gaba da su, sannan kin zubar da ɓawon a ƙasa. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, ido ba ya son ganin abin, amma wannan ɗabi'a ce da nake roƙon ki bari daga yau.

Hanya ta biyu sauro ne, kuma shi ne dalilin da ya sa take zuwar miki a lokaci guda kowace shekara. Ƙwayar ba ta hayayyafa a jikin sauro, a bakinsa kawai take maƙalewa bayan ya ciji mai ƙurji, amma yana iya yawo da ita har makonni yana dasa wa duk kazar da ya sauka a kanta. Kaza da dare ba ta motsi, ga zanko a fili ba gashi, jini kwance a ƙarƙashin 'yar siririyar fata. Sauro kuma bai san katanga ba, wanda ya ciji kazar maƙwabta da magariba zai iya kwana a akurkinki. Ƙuma da sauran ƙwarin da ke shan jinin kaji su ma suna ɗaukar ta daga wannan zuwa waccan.

Yana da kyau a tabbatar ita ce ɗin, don akwai masu kama da ita. Ki kama kaza ɗaya ki duba a cikin haske. Akwai wani irin ƙuma da ke kafa kai a fatar zanko da gefen ido ya taru cunkus, daga nesa sai ki rantse baƙin ɓawo ne, amma da kin matso za ki ga ƙananan ƙwari ne masu sheƙi a jere. Raunin faɗa shi ma yana yin baƙin ɓawo, sai dai a shafe yake, bai ɗago kamar ƙurji ba, kuma ba ya bin garke. Idan zankon ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, wannan ciwon fata ne na daban. Ƙurajen kaji kuwa tafiyar hawainiya suke yi, yau biyu, mako mai zuwa huɗu, har su yi wata biyu ko fiye suna zagaya garke. Idan kika ga akasin haka, kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, ko wuya yana murɗewa, to ba wannan ba ce. Ana zargin murar tsuntsaye ko cutar Niyukasil ke nan, kuma abin yi shi ne a sanar da likitan dabbobi nan take, kada a sayar, kada a yanka.

Sai ki buɗe bakin kowace mai ciwo, don cutar kala biyu ce. Busasshiyar, ta fata, ita ce wadda kika kwatanta, kuma ba ta cika kisa ba. Kaza za ta yi sanyi, ta rage ci, ƙwai ya ja baya, sannan ta miƙe. Ɗanyar ita ce abin tsoro. A cikin baki, da maƙoshi, da bakin maƙogwaro, za ki ga wani abu ruwan ɗorawa mai kauri ya manne, idan aka ja shi sai jini ya biyo. Kazar tana miƙa wuya tana buɗe baki tana neman iska, wani lokaci da ƙara kamar shaƙuwa. Wannan kan toshe hanyar numfashi, kuma idan ta yi tsanani tana iya kashe har rabin waɗanda ta kama. Ita ma tana da mai kama da ita, wani ciwon baki da kaji kan ɗauka daga tattabaru a wurin shan ruwa, wanda maganinsa daban ne, don haka idan a baki kaɗai kika ga abin ba ko ƙurji ɗaya a fata, a kai wa likita ya duba.

'Yan tsakinki da ke mutuwa, yawancinsu ba ƙwayar ce ke kashe su kai tsaye ba. Fatar idonsu ƙarama ce, ƙurji biyu sun isa su liƙe ta. Da ido ya rufe ɗan tsako ba ya ganin abinci ba ya ganin ruwa, 'yan'uwansa su tattake shi, cikin kwana biyu ƙishirwa da yunwa su gama da shi. Wannan mutuwa ce da ake iya hanawa da hannu. Ki tafasa ruwa ya huce, ki sa gishiri kamar ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, ki jiƙa auduga mai tsabta ki ɗora a kan idon na ɗan lokaci har abin da ya liƙe ya yi laushi, sannan ki share a hankali daga gefen baki zuwa waje. Kowane ido da audugarsa, kowane ɗan tsako da tasa, kuma a ƙone su bayan an gama. Safe da yamma. Idan likita ya ba ki man shafawa na ido sai ki bi da shi. Wanda bai iya ci da kansa, ki jiƙa masa abincinsa ya yi taushi, ki tsoma ƙarshen bakinsa a ruwa ya sha da kansa. Kada a ɗura masa, ruwan kan bi ta maƙogwaro ya shaƙe shi.

Ƙurajen zanko da na fata kuwa, aidin ya wadatar. A ɗiga a auduga a dangwala a kan ƙurjin sau ɗaya a rana, a kiyaye ido. Ba ya kashe cutar da ke cikin jiki, yana busar da wurin ne ya hana shi ruɓewa. Kananzir, baƙin mai, da duk wani abu mai ƙuna da za a ce miki yana ƙone ƙurji, ki nisance su, fatar suke ƙonewa, kuma kaza tana soshe wurin da ƙafa ta kai ido. Abin da ya manne a cikin baki kada ki taɓa shi sai idan ya toshe hanyar iska, shi ma gara wanda ya saba ya cire. Wadda ta kai ga ba ta iya numfashi ba ta iya haɗiya, kuma ba ta samun sauƙi, hutar da ita ya fi barinta tana wahala. A binne gawar da zurfi ko a ƙone.

Maganin da kika zuba a ruwa, in dai irin wanda aka saba ne na kashe bakteriya, wato wasu ƙwayoyin cuta na daban, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Har yau babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya a jikin kaza, jikinta ne ke yaƙin da kansa. Sau da yawa akan ba da magani a mako na biyu, ƙuraje su faɗi a mako na uku, sai a yaba wa maganin, alhali lokacinsu ne ya yi. Inda yake da amfani shi ne idan wata cuta ta hau kan ta farko: ido ya kumbura yana fitar da mugunya, hanci yana yoyo da wari, ko ɗanyar ta kama baki. A nan likita zai zaɓa, a ba waɗanda suke buƙata kaɗai, a cika kwanakin, kuma a bi abin da aka rubuta na tsawon lokacin da ba za a ci ƙwai ko naman ba. Abin da zan fi so ki sa a ruwa shi ne bitamin na kaji, musamman mai bitamin A, don shi ke riƙe lafiyar fata da ta cikin baki da ido.

Ki ware masu ciwo, amma ki lura da yadda ake warewar. Kai kaza ƙarshen gida a ɗaure ba ya hana komai idan sauro zai cije ta ya dawo kan sauran. Keji ko kwando da aka lulluɓe da gidan sauro, ko da a kusa yake, ya fi nisa ba raga. Su zauna a nan har ɓawon ƙarshe ya faɗi, da mazubin ruwansu da na abincinsu daban. Ki fara hidimar masu lafiya, ki ƙare da marasa lafiya, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Duk wannan jinya ce ta bana. Abin da zai hana ta baɗi shi ne allurar riga-kafi, kuma a nan nake so ki sa yawancin ƙarfinki. Riga-kafin ƙurajen kaji na cikin tsofaffi kuma amintattu a harkar kiwon kaji. Wannan ƙwayar ce ma Alice Woodruff da Ernest Goodpasture suka raina a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a 1931, dabarar da ta buɗe hanyar yin riga-kafi iri-iri a cikin ƙwai, kuma har gobe ana yin wani nau'in riga-kafin ƙurajen kaji ta wannan hanya. A jikin kwalbar za ki ga an rubuta Fowl Pox. Ƙwayar ce mai rai da aka raunana, ana sa wa kaza ita a wuri ɗaya, ta yi ƙurji ɗaya tak a inda ba zai cutar da ita ba, jikinta ya koyi yaƙin.

Tana zuwa a kwalba biyu, ɗaya da busasshen gari, ɗaya da ruwan haɗawa, tare da wata 'yar allura mai baki biyu, kowane baki da ɗan kwari a jikinsa da ke riƙe ɗigon magani. Ba a zuba ta a ruwan sha, ba a ɗiga ta a ido, ba a yin ta a tsoka. Mutum ɗaya ya riƙe kazar ya buɗe fiffikenta, cikinsa na kallon sama. A gaban gwiwar fiffiken, tsakanin kafaɗa da gaɓa ta gaba, akwai wata fata siririya mai kusurwa uku, idan kika ɗaga ta ga haske har kina hango jijiyoyin jini a ciki. Nan ne wurin. Idan akwai ƙananan gashi a fige su, don gashi na share maganin daga allurar kafin ta kai fata. A tsoma bakin allurar biyu a cikin maganin, a duba kwarin ya ɗauka, a soka ta ratsa fatar ta fita ta ɗaya gefen, a kauce wa jijiya da ƙashi da tsoka. Kowace kaza da sabon tsomi. Kada a goge wurin da sifirit ko aidin, kada a wanke allurar da maganin kashe ƙwayoyin cuta a tsakiyar aiki, domin abin da ke cikin kwalbar mai rai ne, za ki kashe shi. A kiyaye kuma kada ya taɓa idon kazar ko bakinta, yana iya yin ƙurji a can.

Sai mataki na gaba, wanda mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda ya yi riga-kafi da wanda ya soki kaji kawai. Bayan kwana 7 zuwa 10, ki sake kama su ki buɗe fiffiken. Dole ki ga ɗan kumburi ko ƙaramin ɓawo a inda aka soka, ki shafa da yatsa ki ji ɗan ƙullutu. Wannan shi ne shaidar ta kama. A babbar gona samfuri ake dubawa, amma ke da kajinki ba su kai talatin ba, ki duba kowace. Tsohuwar da ta taɓa yin cutar ba za ta nuna komai ba, don jikinta ya kashe maganin tun a bakin ƙofa, wannan ba damuwa. Amma sagara ko ɗan zakaran da bai taɓa yi ba, idan fiffikensa ya fito sumul, to bai samu kariya ba, a sake masa. Idan akasarinsu ne ba su nuna ba, mai yiwuwa maganin ya mutu kafin ya iso jikinsu.

Mutuwarsa kuwa ba wuya. Yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga inda aka yi shi har hannunki. Ki saya a wurin da kika ga daga firji mai aiki aka ciro, ki duba ranar ƙarewarsa, ki ɗauko shi a cikin ƙanƙara. Da zarar an haɗa garin da ruwan, awa ɗaya zuwa biyu gare ki, a inuwa, bayan nan ragowar ba ta da amfani, ba a mayar da ita firji a ce sai gobe. A ƙone kwalbar da abin da ya rage ko a jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka a kama kajin tun da asuba suna cikin akurki, a shirya komai, sannan a haɗa. Kada a haɗa sannan a shiga bin kaji da gudu.

Matsalar da masu ƙananan garke ke kuka da ita ita ce kwalbar takan zo da na kaji 500 ko 1,000. A ganina wannan dama ce. Ki yi magana da maƙwabtan da ke da kaji ku sa rana ɗaya, ku raba kuɗin, mai yin allurar ya bi gida-gida cikin awannin nan biyu, yana wanke hannu tsakanin gida da gida, gidan da ake da masu ciwo ya zama na ƙarshe. Tunda sauron unguwa ɗaya ne, kariyar kajin maƙwabta kariyar naki ce.

Game da lokaci, garkuwar takan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ta kafu, don haka ki ƙirga baya. Kin riga kin san watan da take zuwar miki, shekara uku ta nuna miki. A yi allurar aƙalla wata guda kafin nan. Irin da aka fi samu ana yi wa kaji ne daga mako 8 zuwa sama, sagaru kuma a yi musu aƙalla mako 4 kafin su fara ƙwai. Akwai wani wanda bai kai shi ƙarfi ba da aka tanada don 'yan tsaki, wanda ake iya yi tun suna 'yan kwanaki, da allura mai baki ɗaya, amma kariyarsa ba ta daɗewa, sai an maimaita musu idan sun kai mako 8 zuwa 12. Ki karanta takardar da ke cikin kwalin, ita za ta gaya miki wanne ne a hannunki. Masu lafiya kaɗai ake yi wa, kuma tunda ƙwayar mai rai ce, a yi wa duk waɗanda suka isa a rana ɗaya, kada a bar rabi. Wadda kike shirin yankawa cikin mako 3 a tsallake ta. Idan kina da talotalo, su ma wannan cuta na kama su sosai, amma a cinya ake yi musu, domin suna kwana da kai a ƙarƙashin fiffike, sai maganin ya shafi fuskarsu.

Ko yanzu da cutar ke cikin garkenki, ba a makara ba. Saboda jinkirin yaɗuwarta, idan kaɗan ne suka nuna, yi wa sauran masu lafiya allura yakan tsayar da ita. Wannan na cikin cututtukan kaji ƙalilan da ake iya yi wa haka.

Sai dai allura sau ɗaya ba za ta rufe maganar ba, saboda dalilin da muka fara da shi. Duk ƙyanƙyasar da aka yi bayan ranar allura ba ta cikin lissafi, kuma 'yar garkuwar da ɗan tsako ke samu daga uwarsa ta cikin ƙwai ba ta kai shi ko'ina. A gidan da ake ƙyanƙyasa ba yankewa, ni shawarata a yi zagaye biyu a shekara, kowane zagaye ya kwashi waɗanda suka taso. Tsakanin zagayen, uwa da 'ya'yanta su riƙa kwana a keji mai gidan sauro daga kafin magariba har rana ta fito. Idan kina iya tsara kwancin kajinki yadda ƙyanƙyasa ba za ta faɗo a tsakiyar lokacin sauro ba, kin rage wa kanki asara mai yawa ba tare da kin sayi komai ba.

Yaƙi da sauro ba zai taɓa zama cikakke ba, amma ragi ma riba ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, don haka zubar da duk ruwan da ya kwanta sau ɗaya a mako yana katse shi: tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen bokiti, da mazubin ruwan kajin kansa idan ana ƙara ruwa a kai ba a wankewa. Wayar kaji ba ta hana sauro, sai an bi tagogi da ƙofar akurki da raga mai ƙananan ido, a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ta don iska ta ratsa. Kada a toshe akurki ruf don gudun sauro, zafi da warin kashi za su jawo ciwon numfashi. Kada kuma a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi kaji suna ciki, huhun tsuntsu ba ya ɗaukar abin da namu ke ɗauka. A rage yawan zakaru idan suna yawan faɗa, a lanƙwashe duk wata waya ko ƙusa mai tsini, a yi maganin ƙuma.

Wankin akurki da kika yi daidai ne, lokacinsa da tsarinsa ne za a gyara. A jira ɓawon ƙarshe ya faɗi. A yayyafa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, a kankare kashi da datti daga sandunan kwana da lunguna, a kwashe shimfiɗar duka a ƙone ko a binne. Sannan a wanke da sabulu, sai bayan nan a bi da bilic ko wani maganin da aka yi don ɗakin kaji, a bar shi ya bushe sarai kafin su koma. Maganin da aka watsa a kan datti bai isa ga ƙwayar da ke cikin ɓawo ba. Idan daɓen ƙasa ne, a kankare saman a zuba sabuwa. Ba za ki iya tsabtace duk filin da suke yawo ba, kada ki wahalar da kanki a kan haka. Duk kazar da za ta shigo daga waje kuma ta yi mako 3 zuwa 4 a keɓe kafin ta haɗu da naki, ana duba fuskarta da cikin bakinta.

A shekarar farko bayan kin fara allurar, kina iya ganin ƙurji jefi-jefi, galibi a kan waɗanda aka ƙyanƙyashe bayan zagayen ko wadda tata ba ta kama ba. Wannan ba gazawar riga-kafin ba ce. Abin da zai sa a zurfafa bincike shi ne idan kajin da kika ga shaidar kamawa a fiffikensu da idonki suka zo suka yi cutar sosai. Hakan na faruwa, domin akwai nau'o'in wannan ƙwaya da ke ɗauke da wani bairos na daban a cikinsu mai raunana garkuwar kaza, haka nan garken da tsutsar ciki ko ƙarancin abinci ko wata cuta ta riga ta kassara ba ya riƙe riga-kafi yadda ya kamata. A irin wannan hali likita zai yanki ɗan ƙurji sabo, wanda bai gama bushewa ba, ya aika ɗakin gwaji. A can za a duba shi a madubin likita a nemi wasu dunƙule-dunƙule da wannan ƙwaya ke tarawa a cikin ƙwayoyin fata, waɗanda ake kira da sunan Bollinger, likitan da ya fara bayyana su, ko a yi gwajin da ke gano ƙwayar kanta. Ki tafi masa da kwalin maganin da aka yi amfani da shi, da ranar da aka yi allurar, da shekarun kajin da suka kamu.